Jirgin Da Ba Ya Tashi Sai Manya Sun Zauna

Wani ne ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. To kada ku ji an ce jirgin ƙasa ku ɗauka direba ne ko bakanike. Ina! Tun da aka ɗauke shi aiki har ya ajiye, hannunsa bai taɓa riƙe sufana ba. Aikinsa guda ne tak. Ya shiga wani ɗan ɗaki a tasha, ya hura lasifika, ya ba fasinjoji haƙuri. Jirgi ya makara, shi ne. Jirgi ya fasa zuwa, shi ne. Har ta kai in jirgi ya yi kuskure ya zo a kan lokaci, gogan naka rikicewa yake yi, don bai tanadi abin faɗa ba.

Ga shi ɗan firit da shi. In iska ta taso da ƙarfi sai ya riƙe ƙyauren ƙofa.

Da ya dawo zaman gida, kewar aiki ta hana shi sakat. Ran nan sai ga shi ya shigo da wani ƙaton kwali, yana haki. Matarsa ta taso da murna, ta zaci injin wanki ne. Aka buɗe. Jirgin ƙasa ne na wasa, da kan jirgi, da taragai, da layin dogo gunduwa-gunduwa, har da 'yan mutanen roba da jakunkunansu.

Kafin la'asar falo ya koma tasha. Layi ya bi ta ƙarƙashin tebur, ya zagaye kujeru, ya ratsa cikin kwalin taliya da aka huda ya zama rami, ya ɓullo ta gindin talabijin. Rimot ɗin kuwa irin mai waya ne, wani ɗan akwati baƙi mai abin murɗawa a ka. A jona shi a soket ɗin bango, sai wata doguwar waya ta fita daga bayansa ta kai wuta ga layin dogo. Ranar da wayar nan ta harɗe ƙafar matar ta kifa da tiren shayi, sai ya cusa ta ƙarƙashin kafet. Ta bi ta gindin babbar kujerar da ke lungu, wadda ba mai zama a kanta sai manyan baƙi, ta fito can ɗaya gefen.

Matar ta yi haƙuri, wallahi ta yi. In za ta wuce kicin sai ta tsaya jirgi ya wuce tukuna. In tana shara sai ta ɗaga ƙafa kamar mai tsallaka kwata.

Wata safiya gogan naka ya murɗa rimot. Shiru. Ya ƙara murɗawa. Jirgi ko gezau. Ya murɗa har ƙarshe. Kamar da dutse yake.

Me za ku yi in ku ne? Ku duba waya, ko? To shi gyaran murya ya yi. Ya naɗe jarida ya kafa a baki.

"Sanarwa! Sanarwa! Muna ba fasinjojinmu masu daraja haƙuri. Jirgin zai ɗan jinkirta saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu."

Matar ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu.

"Malam, da wa kake?"

"Da fasinjoji."

"Na roba?"

"Shi ya sa nake son su. Ba sa jifa."

Haka aka wuni, haka aka kwana, haka aka sake wuni. Sanarwa safe da yamma, jirgi na nan inda yake. Ranar da ƙawayenta suka zo suka rasa inda za su ajiye ƙafa, haƙurin matar ya ƙare. Suna fita ta kama ƙugu ta tsaya a kansa.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Jirgin da ke tafiya, na iya zama da shi. Wanda ba ya tafiya, sunansa tarkace. Na yi magana da mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ranar Asabar zai turo kurarsa ya zo. In ya zo ya tarar abin nan ba ya motsi, to wallahi har 'yan robar sai ya auna."

Gogan naka ya dafe kai. Jirgin nan shi ne ofishinsa, shi ne abokin hirarsa, shi ne dalilin da yake aske gemu da safe. Ya ce a ransa, abin ya girma, ba na mutum ɗaya ba ne. Sai ya kafa kwamiti.

Kwamitin mutum biyu ne, shi da maƙwabcinsa tela. Shi ne shugaba, tela mataimaki. Zaman farko aka sha shayi, aka amince cewa lalle jirgi ba ya tafiya. Zama na biyu aka sha shayi da biskit, aka amince a sake zama. A zama na uku ne aka fara taɓa kaya.

Aka zare fulogi, aka hura masa iska, aka mayar. Shiru. Aka buga rimot a tafin hannu. Shiru. Aka buga shi a gwiwa. Gwiwar ce ta amsa. Tela ya ce wataƙila batir ne, aka ɗauko wuƙar yanka albasa aka ɓamɓare bayan rimot, aka tarar ko gurbin batir babu.

Tela ya ce, "Shugaba, ni in keken ɗinkina ya tsaya, harshe nake sawa in ji ko da wuta."

"An amince. Sa."

Tela ya lasa inda waya ke fita daga rimot. Sai da ya yi tsalle hularsa ta faɗi.

"Akwai! Wallahi akwai!"

"To je ka lasa can wajen layin."

Tela ya rarrafa can ɗaya gefen, ya kama bakin wayar da ke maƙale da layin dogo, ya runtse ido ya lasa. Ya sake lasa. Har ya ɗan tsotsa.

"Nan kam babu. Ƙura ce kawai."

Gogan naka ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya ga jiya ya ga yau.

"Na gane. Wuta ta bar hedikwata, ba ta iso tasha ba."

"To ai shi ke nan! Mu ɗaga kafet mu bi wayar mu ga inda ta maƙale."

"Rufa mini asiri!" Gogan naka ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Kai da gani ba ka taɓa aikin ofis ba. Abin da ya ɓace tsakanin hedikwata da tasha, ba a bin sawunsa. Fenti ya sha ɓacewa. Mai ya sha ɓacewa. Akwai shekarar da tarago guda ya ɓace da kujerunsa. Wani abokin aikinmu ya ce sai ya bi. Ka san inda aka mayar da shi? Tashar da jirgi ba ya zuwa."

"To yanzu yaya za a yi?"

"Yadda aka saba. A hukunta na ƙasa."

Ya sa yatsu biyu ya zaro ɗan direban roba daga kan jirgi. Ya kalle shi ido cikin ido, ya yi masa faɗa tas a kan sakaci da aiki, ya dakatar da shi har sai abin da hali ya yi. Ya jefa shi cikin gwangwanin madara ya ɗora a kan firij. Kwamiti ya tafa. Jirgi dai bai motsa ba.

Ana nan sai ga yayan matar ya kawo ziyara. Darakta ne a wata ma'aikata, kuma tubarkalla, Allah ya yi halitta a wurin. In zai shiga ƙofa sai ya karkace. Aka yi maraba da Yaya, aka kai shi babbar kujerar lungu. Ya juya, ya saita, ya saki jiki. Kujera ta yi ƙara.

Fuuu! Sai jirgi ya zabura.

Ku tuna an bar rimot a murɗe har ƙarshe. Jirgi ya kunna fitila, ya busa usur, ya faɗa cikin kwalin taliya ya fito, ya nufo ƙafar Yaya gadan-gadan. Yaya ya yi salati ya miƙe zumbur. Jirgi ya tsaya cak.

Yaya ya share gumi, ya koma ya zauna. Jirgi ya kwasa. Ya miƙe. Jirgi ya tsaya. Ya zauna rabi-rabi. Jirgi ya yi ta shessheƙa, gaba kaɗan, tsayawa kaɗan.

To ni da ku mun gane. Jan kujerar nan da ake yi wajen shara shi ya tsinke wayar a cikin robarta, daidai ƙarƙashin ƙafar kujera. In nauyi ya danne, bakin biyu su haɗu, wuta ta wuce. In aka ɗaga su rabu. Abin da ɗan salatif zai gyara.

Amma gogan naka? Hawaye ne ya cika masa ido.

"Allahu Akbar! Ashe jirgin nan yana da tarbiyya!"

Yaya ya ce, "Wace irin tarbiyya? Ya kusa cire mini ɗan yatsa!"

"Yaya, ba za ka gane ba. A tasharmu, ko fasinjoji za su narke don zafi, jirgi ba ya tashi sai babban da ake jira ya iso ya zauna. Ni ne ma mai ba da haƙurin. Kaico, ni da na ɗauka lalacewa ya yi! Ashe ƙa'ida yake bi."

Nan take ya sauko da gwangwanin madara, ya mayar da direba bakin aiki, tare da gargaɗi.

Yaya ya sha lemonsa a ɗarare, ya yi sallama. Yana ɗagawa jirgi ya mutu. Gogan naka ya bi matar kicin baki har kunne.

"Kin dai gani da idonki. Ya yi tafiya."

"Na gani. Ranar Asabar ma ina so in gani. Kuma ka sani, Yayana ba ma'aikacinka ba ne. Gobe ma zai yi tafiya."

Tabɗi! Sabon tashin hankali. Ina zai samo babban mutum kafin Asabar?

Ya ce bari ya fara da na gida. Ya kira taron gaggawa, kwamiti ya ƙara masa girma zuwa Babban Darakta, ba hamayya. Ya ɗauko tsohuwar kwat ɗinsa mai warin kafur, ya ɗaura taye, ya soka biro uku a aljihu. Ya fita waje ya sake shigowa, tela na gaba yana cewa a ba da hanya. Ya zauna a babbar kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya haɗe rai.

Kujerar ma ba ta san an zauna ba.

Ya kumbura kumatu. Ya yi tsawa a kawo masa ruwa. Ya yi hamma ba tare da rufe baki ba. Jirgi ko kallo.

Tela ya ce, "Shugaba, anya bai gane ka ba?"

Gogan naka ya sauke ajiyar zuciya. "Ya gane ni. Shekara da shekaru yana jin muryata ina ba da haƙuri. Ba a yaudarar jirgi."

Sai suka tuna da babban likitan da ke ƙarshen layin unguwarsu, shugaban asibiti guda, mutum mai digiri kamar ya buɗe shago. Suka je suka ce masa akwai mara lafiya. Bawan Allah ya taho da sauri da jakarsa, shi ma ɗan siriri kamar tsinken tsintsiya. Aka zaunar da shi a kujera.

"Ina mara lafiyar?"

"Ɗan jira, likita."

Duk suka zuba wa jirgi ido. Shiru. Gogan naka ya girgiza kai cikin tausayi, ya raka likita ƙofa, ya dawo ya raɗa wa tela, "Kada ka faɗa wa kowa. Takardun nan nasa a bincika."

Washegari yana zaune ya yi tagumi, sai ga mahaucin unguwa ya kawo wa matar saƙon nama. Ƙato ne na gaske, wuyansa da kansa duk ɗaya. Ya gaji, ga zafi, bai jira an ce bismilla ba ya zube a kujerar farko da ya gani.

Jirgi ya busa usur ya kama hanya.

Gogan naka ya dubi jirgi. Ya dubi mahauci, da rigarsa mai jirwayen jini da ƙudaje biyu da suka rako shi. Sai ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe! A gafarce mu, ba mu sani ba."

"Malam, lafiya? Ni ne fa, mai nama."

"Haka ne, yallaɓai. Mun gane. Ba a so a sani." Ya kashe masa ido ɗaya. "Bakinmu alaikum."

"Wallahi tun kakana nama muke sayarwa!"

"Ai haka manyan na gaskiya suke cewa."

Daga ran nan mahauci ya shiga uku. Da sassafe gogan naka na bakin teburinsa a kasuwa yana kwasar gaisuwa. Ya riƙe masa jaka, ya kore masa ƙuda, ya lallaɓo shi gida ya zo ya buɗe zirga-zirgar yau. Ranar farko mahauci ya ji daɗi, don an ba shi lemo mai sanyi. Rana ta biyu ya dawo ya tarar masu saye sun koma wajen abokin hamayyarsa, kyanwa kuma ta yi gaba da hanta. Rana ta uku da ya hango ɗan firit ɗin nan tafe da kwat, sai ya ɗaga babbar wuƙarsa sama ya ce, "In ka ƙara ce mini yallaɓai, da kai zan cika kilo!"

Gogan naka ya dawo yana ce wa tela, "Ka ji fushin manya ko? Sak!"

Asabar ta zo.

Yaya ya yi tafiya. Mahauci ya ɗauki wuƙa. Likita ya daina amsa gaisuwa. Tela ma ya aiko cewa harshensa bai warke ba. Gogan naka ya zauna shi kaɗai a tsakiyar falo, ya goge kan jirgi da gefen rigarsa, ya jera 'yan robar nan a layi. Tausayinsu ya kama shi. Ya naɗe jarida ya kafa a baki.

"Sanarwa. Muna baƙin cikin shaida wa fasinjojinmu cewa daga yau..."

Sai ya ji ƙarar kura a ƙofar gida, da muryar matarsa. Ta dawo daga kasuwa, kuma a hanya ta haɗu da mai gwangwan, har ya taimaka ya ɗoro mata buhun shinkafa a kurarsa. Ya shigo da buhun a kafaɗa, jijiyoyin wuya duk sun tashi, ga ma'auninsa na rataye a ƙugu.

"Hajiya, ina zan sauke? Ko'ina ƙarfe ne a ƙasa."

"Ɗora a kan kujerar can kafin ka kwashe tarkacen."

Tim! Buhu ya zauna.

Jirgi ya kunna fitila. Ya busa usur. Ya ratsa tsakanin ƙafafun mai gwangwan, ya shige kwalin taliya, ya fito, ya zagayo, ya sake zagayowa, lafiya lau kamar ranar da aka saye shi.

Mai gwangwan ya dafe bango. "Hajiya, ni matattun kaya nake saye. Wannan da ransa." Ya tattara ma'auninsa ya yi waje.

Matar ta tsaya baki buɗe. Ta dubi buhu, ta dubi ƙafar kujera, ta dubi inda waya ta shige ƙarƙashin kafet. Sai ta tafa hannu.

"Kai, amma an yi asarar shayi a gidan nan! Malam, waya ce ta tsinke a ƙarƙashin kujerar nan, nauyi ke haɗa ta! Tashi ka kama mini mu sauke buhun, a naɗa mata salatif a huta."

Ta waiga. Gogan naka na durƙushe a gaban buhu, ya cire hula. Kafin ta rufe baki ya zare tayensa ya ɗaura wa buhun a wuya, ya gyara masa zama, ya kawo matashi ya sa masa a baya.

"Barka da isowa, ranka ya daɗe. An sha hanya."

"Malam! Ka haukace ne?"

"Ke, rage murya. Kuma alkawari alkawari ne. Kin ce in yana tafiya zai zauna. Ga shi yana tafiya."

Ta cije leɓe. Ta shiga kicin, ta fito da kwano da wuƙa, ta nufi bakin buhu. Gogan naka ya yi wuf ya tare, ya baza hannuwa kamar mai tsaron gida a filin ƙwallo.

"Ina za ki?"

"Shinkafa zan ɗiba. Ko jirgin za mu ci yau?"

"Ki ɗiba a jikin wa? Su ake kai wa, ba a ɗiba a wurinsu!"

Ranta ya gama ɓaci. Ta dangwarar da kwano a ƙasa, har direban roba ya girgiza.

"Bawan Allah, buhu ne fa! Buhu! Ba ya ji, ba ya gani, bai san inda jirgin ya fito ba, bai san inda za shi ba! Ba abin da ya iya sai ya cika ciki ya danne kujera!"

Gogan naka ya dube ta cikin mamaki.

"Yo to me ya rage? Ai duk sharuɗɗan ne kika lissafa."